Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Dogon hutu ya ƙarato. Nan da 'yan makonni makarantu za su tashi, kafin su tashi kuwa kowace za ta so ta fita da yaranta yawon ganin ƙasa, kamar yadda aka saba. Makarantun Islamiyya ma ba a bar su a baya ba, yau walimar sauka a wancan gari, gobe musabaƙa a wancan. In hutun ya shiga kuma, sai a ga motocin Bakori da Ɗanja da Ƙafur cike da yara, ana kai su ƙauye wurin kakanni, su taya noma, su ci ɗanyen masara.

Mu ba mu ƙi wannan ba, muna ma sonsa. Yaron da aka kai shi ya ga injin gurzar auduga a Funtuwa, ko madatsar ruwa ta Mairuwa, ko layin dogon da ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya fi wanda ya karanta su a littafi kaɗai. Wanda aka kai Katsina ya tsaya gindin hasumiyar Gobarau, ko Daura ya leƙa rijiyar Kusugu, ba zai manta darasin tarihi ba har tsufansa. Abin da ya dame mu shi ne irin shirin da a ke yi. A kan shafe mako biyu ana maganar anko, da lasifika, da shinkafar da za a dafa, da wanda zai ɗauki hoto. Ranar tafiya da asuba, mota na ƙugi a bakin makaranta, sa'an nan wani zai ce, "Af, an kuwa ɗauko ruwa?" Akwatin magani kuwa, in ma akwai shi, yana ofishin hedimasta a kulle, ba kome a ciki sai almakashi mai tsatsa da kwalbar aidin da ta bushe tun bara.

Kada wani ya ce muna kambama abu. Ran 30 ga Nuwamba 1921 ba mu da labari, amma ran 30 ga Nuwamba 2021 duk Arewa ta ji: wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari, a ƙasar Ɓagwai ta Jihar Kano, ɗauke da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau za su taron Mauludi. Mutum 29 aka fara tsamowa, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. An cika wa jirgin kaya fiye da ƙarfinsa. Iyayen yaran nan sun sallame su da murna, sun sa musu tufafin ado. Ɓagwai kuwa ba nisa gare ta da mu ba, 'yar tafiya ce daga Malumfashi. Allah Ya jiƙansu. Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan mun gaskata, amma wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane za a tambaye shi abin da ya yi da hankalin da Allah Ya ba shi.

Don haka mu ke so mu yi magana da malaman makaranta, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan ma'aikatan En'e na dā, domin su ne takardar neman izinin fita ke biyowa ta hannunsu, su ne kuma mutanen ƙauye ke duba yadda su ke yi su kwaikwaya.

Abu na farko da za a shirya ba magani ba ne, takarda ce. A rubuta sunan kowane yaro, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da lambar waya. A yi kwafi biyu, ɗaya ta tafi da malami, ɗaya ta zauna a makaranta. A gefen sunan a rubuta in yaron yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, a kuma karɓi maganinsa daga hannun iyaye tun jajibere. Mai sikila ba ya jure ƙishirwa, ba ya jure sanyin ruwan sama, lalle a sa masa ido fiye da saura, a tafi masa da rigar sanyi ko da gari ya waye da rana. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, a ganinmu kada babba guda ya riƙe fiye da goma, in kuwa 'yan mata na ciki a tafi da malama. Malami guda da yara sittin ba yawon ilmi ya fita ba, kiwo ya fita, makiyayi ma ya fi shi sanin adadin dabbobinsa.

Sai ruwan sha. A nan ne mu ke so mu daɗe, don a nan a ka fi yin sakaci. Mutum ya kan ce ai damina ce, ruwa ko'ina. To ruwan damina shi ne ruwan da ya wanke bayan gari ya gangara rafi. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina na cikin waɗanda abin ya fi shafa, har da nan ƙasar Funtuwa. A tafi da ruwa daga gida, a ƙiyasta wa kowane yaro aƙalla lita biyu na wuni, watau jarka mai lita 25 ga yara goma sha biyu, ban da na alwala da wanke hannu. In ruwan ba na famfo ko na burtsatse ba ne, a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira rabin sa'a. Alif ba ya kashe ƙwayar cuta, laka kawai ya ke kwantarwa. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka ba.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a ƙasar noma irin tamu, wadda mu ke roƙo a bari. Jarkokin maganin feshi, na ciyawa da na ƙwari, sun cika gidajen manoman masara da auduga, suna da kyau da murfi mai ƙarfi, sai a ɗauraye su a mai da su gorar ruwa. Ɗauraya ba ta fid da gubar. Kada a zuba ruwa ko fura ko kunu a cikinsu, ko sau nawa aka wanke. Haka kuma kada a zuba fiya-fiya ko kananzir a kwalbar lemo a aje inda yaro zai gani. In ƙaddara ta sa yaro ya sha, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda a ka saba, don aman na iya komawa huhu ya fi gubar ɓarna. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da kwalbar, likita ya ga abin da ya sha. In a jiki ta zuba, a tuɓe rigar a wanke fatar da ruwa da sabulu.

Abokin ruwa a cikin kaya shi ne ƙunshin gishiri da sukari, wanda a ke kira ORS. Ba shi da tsada, ba shi da nauyi, ya ceci yara a duniya fiye da yawancin magungunan da a ke alfahari da su. Ƙunshi guda a ke zubawa a lita guda ta ruwa mai tsabta, sai dai in an rubuta wani awo dabam a jikinsa. In babu, a haɗa na gida: lita guda ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka, yawansa cuta ne. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da ƙwayar zinki har kwana goma zuwa sha huɗu. Yaron da idonsa ya faɗa, ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, wannan ya wuce na akwati, asibiti za a nufa.

Mun yi maganar ruwan da a ke sha, saura wanda ke shan mutane. Babu abin da ke jan yaro kamar kududdufi, ramukan da aka haƙi ƙasar gini da na bakin titi kuwa duk su kan cika a watan Agusta, ba mai sanin zurfinsu. Nitsewa ba ta da ihu. Yaro ya kan tafi ƙasa shiru, abokansa na tsammanin wasa ya ke yi. In za a je bakin dam, a shata wa yara iyaka, a tsai da babba guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon ruwa, ba hira, ba waya. A tafi da igiya doguwa da jarka wofi mai murfi, don wanda bai iya ruwa ba in ya faɗa ceto gawa biyu za a tsamo. Jefa jarkar za a yi, a ja da igiya. In an fid da yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana danna masa ciki ko ana rataye shi kai ƙasa wai ruwa ya fita. Iska ya ke bukata. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki sau biyar, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji sau talatin, a hura sau biyu, a yi ta yi haka. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi likita ya duba huhunsa. Kwalekwale kuwa, in babu rigar ruwa ga kowane yaro, ko an ga lodi ya yi yawa, malami ya ce a'a, ko da za a rasa taron. Haka rafin da ya kawo bayan ruwan sama: a jira ya janye.

Ko yaro bai nitse ba, ruwan kwance yana da wata cutar. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun zauna a Malumfashi shekara da shekaru suna binciken cututtukan ƙasar. Cikin abin da suka bi diddigi har da tsargiya, suka ga yara maza masu wanka a ruwan kwance su ta fi kamawa. Tsutsarta a jikin ƙananan katantanwa ta ke girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Bayan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne mai cin mafitsara, yana kuwa da magani a asibiti. Malamin da ya bar ajinsa suka yi iyo a dam don su ji daɗi, ya sani da abin da ya komo da su.

Masu binciken nan na Malumfashi sun duba saran maciji kuma, abin da suka buga a 1980 ya nuna a wannan yanki gamsheƙa ce ta fi addabar mutane, ba kamar kwarin Binuwai ba inda kububuwa ta fi kisa. Gamsheƙa kuwa ba sara kaɗai ta ke yi ba, tana tsartuwa a ido. Maganin farko na wannan ruwa ne, ruwa mai yawa, a buɗe idon a yi ta kwarara masa har minti goma sha biyar ko fiye, sa'an nan a tafi asibiti. Ba a sa ganye, ba a sa kwalli, ba a murza idon. Ga wani dalilin da ya sa mu ka ce jarkar ruwa ta fi rabin abin da ke cikin akwati amfani.

Game da sara, yawancin agajin da mu ka gada ɓarna ne, gara a faɗa a fili. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya ba ya hana dafi tafiya, jini ya ke hanawa, ƙafafu da yawa da aka yanke ɗaurin ne ya kashe su. Tsaga wurin da reza na ƙara zubar jini, musamman in kububuwa ce, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Tsotsa ba ta fid da kome, baƙin dutse ma haka. Abin yi kaɗan ne: a janye yaron daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko awarwaro ko takalmi kafin kumburi, a ɗora wa gaɓar kara ko sanda a naɗe sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa, a lura da lokacin da abin ya faru. Kada a tsaya farautar macijin. Allurar kashe dafi ita ce magani, a asibiti kaɗai a ke yinta, ba kuma kowane asibiti ke da ita kullum ba. Saboda haka malami mai hankali, tun kafin ranar tafiya, zai tambaya a Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ko akwai ta, ya kuma san cewa Asibitin Koyarwa na Shika yana kan hanyar Zariya. Tambayar minti biyar ce, amma ba a yinta da yaro a kafaɗa. Rigakafin kuwa takalmi ne rufaffe, da tocila da dare, da hana yara cusa hannu a rami ko suri ko ƙarƙashin tarin kara.

To me za a sa a akwatin? Ba kantin magani za a ɗauka ba. Sabulu, da bandeji, da filasta, da ƙyallen rufe ciwo mai tsabta, da aidin, da almakashi, da safar hannu ta roba, da ma'aunin zafin jiki, da farasitamol na yara tare da cokalin awonsa, da ORS ɗin da mu ka ambata. A ƙara da zane guda mai tsabta, don yana zama majanyin karyayyen hannu, yana zama inuwa, yana zama abin ɗaukar majiyyaci. A duba ranar ƙarewar kowane magani. Kada a sa asfirin, ba a ba yara shi. Kada a sa allura, ko kafso, ko maganin tsai da gudawa. Malami ba likita ba ne, aikinsa ya riƙe rai har a isa wurin likita. Ciwo mai zubar jini danne shi a ke yi da ƙyalle, ba a zuba masa ƙasa ko toka, don ta nan ciwon sarƙe haƙora ke shiga. Ƙuna ruwan sanyi a ke kwarara mata minti ashirin, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba. Mai haɓo ya sunkuyar da kai gaba a matse hancin minti goma. Cizon kare a wanke da sabulu minti goma sha biyar, a tafi asibiti ranar. Yaron da ya faɗi yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a kau da abin da zai buge, kada a cusa masa cokali a baki, kada a yi masa hayaƙi.

Zazzaɓi a damina kuwa a ɗauke shi na cizon sauro ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne, a yi gwajin cikin kwana guda. In tafiyar ta kwana ce a tafi da gidan sauro. Iyaye masu aika ƙananan yara ƙauye su tuna da maganin rigakafin da a ke rabawa gida-gida kowane wata a damina ga 'yan ƙasa da shekara biyar: na kwana uku ne, a sa ragowar da katin a cikin kayan yaron, a gaya wa kakarsa. In hadari ya taso ana fili, kada a tara yara gindin itace, tsawa ta fi faɗa wa abu mai tsawo. A shiga gini ko cikin mota.

Ba za mu tsallake maganar hanya ba, ko da ya ke ba ta da daɗi. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta kimiyya ta Ƙanƙara, babu malamin ƙasar nan da ke bukatar a gaya masa cewa taron yara abin tsaro ne. Kafin a sa rana a shawarci hakimi da dagacin inda za a, da jami'an tsaro, a bi abin da suka ce ko da ya ɓata shiri. Kada a yi ta shelar rana da hanya. A fita bayan gari ya waye, a komo kafin la'asar sakaliya. A-kori-kura da tirela ba motar yara ba ce. Kowane yaro ya sami wurin zama. A tafi da waya biyu masu caji, na kamfani dabam-dabam, da kuɗin mai na ko-ta-kwana. Lambar neman agaji ta ƙasa 112 ce, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122, amma a rubuta har da lambar wani mai mota a garin da za a je, don shi zai fi saurin isowa.

Duk wannan ba ya yiwuwa in ba wanda ya koya. Hura iska da danna ƙirji ba a koyonsu daga jarida, sai an gwada da hannu. Ƙungiyar Red Cross tana nan, 'yan agajin ƙungiyoyin addini suna nan a kowane gari, jami'an lafiya na ƙaramar hukuma suna nan suna karɓar albashi. Me zai hana Sakataren Ilmi na Funtuwa, da na Malumfashi, da na Bakori, da na Ƙafur, da na Ɗanja, kowa ya tara malami guda daga kowace makaranta, wuni biyu, a koya musu kafin hutu? Kuɗinsa bai kai na rumfa da kujerun bikin ba da kyauta guda ba.

Ga akawun da takardar neman izini ke zuwa teburinsa kuma muna da roƙo. Kada ya buga hatimi sai ya ga an amsa: yara nawa, manya nawa, wace mota, wane ne ya koyi agaji cikin masu rakiya, wane asibiti ne mafi kusa, ƙarfe nawa za a komo. Takardar da ba ta amsa waɗannan ba a mayar wa mai ita ya cika, ko ɗan wane ne. In an komo kuma hedimasta ya buɗe akwatin a gabansa, a rubuta abin da aka taɓa, a mayar da madadinsa cikin makon. Malamin rakiya kuwa ya ƙirga yaransa da kiran suna, ba da ido ba, a duk inda mota ta tsaya, kada direba ya ta da ita sai sunan ƙarshe ya amsa.